Hular Kwanon Nomau

Kakana Nomau bai nemi yaƙi ba.
Yana duƙe cikin gujiya, laka har ƙwauri,
dogari ya miƙa bulala daga kan doki: "Wancan dogon."
Tsawo ne kaɗai laifinsa.
Ya jingina hauya jikin gawo,
ya ce wa ƙanensa Mantau, "Kunya biyu ta rage, ina zuwa."
Kunya biyu ta ci damina shida.

Aka ba shi lamba, da takalmi mai cizo,
da harshen da bai wuce "zo" da "kwanta" ba.
Mota ta miƙa shi ga jirgi,
jirgi ya miƙa shi ga ruwan da babu tsallake,
ya yi amai har ya amayar da sunayen kwanaki.

Can ma haƙa suka sa shi, abin da ya iya.
"Ƙasarsu baƙa ce, mai maiƙo," in ji shi,
"na damƙa, na sansana, na ce kaico,
wannan ko ba taki sai ta yi dawa.
Amma mutane muka yi ta shukawa a ciki,
ban ga wanda ya tsiro ba."

Iyakar labarin ke nan. In ka matsa masa
sai ya aike ka ɗebo ruwa.

Sau ɗaya, yana gyaran ƙotar gatari,
ya ambaci Arzika, mutumin Tibiri,
da suka raba bargo ɗaya cikin sanyin da ke fasa leɓe.
Ranar da ƙarfe ya same shi a ciki
bai kira uwa ba, bai yi wasiyyar gona ba,
cewa ya yi, "Ɗan Jimo mahauci na bi na dala uku."
Nomau ya riƙe dala ukun nan a ka
ya ƙetare teku da su.

Da ya dawo, Maradi ba ta inda ya bar ta.
Gulbi ya cika ya lashe tsohon gari,
mutane sun kwashe sun hau tudu,
tituna a miƙe kamar soja a fareti.
Ya tsaya da akwatinsa yana tambayar yara
ina ne gidan ubansa.
Inna Tasalla ta riga ta kwanta, bara waccan.
Ya kwana ɗaya, da asuba ya kama hanyar Tibiri,
ya biya mahauci, mahauci ma ya manta.

Gawo na nan. Gara ta cinye ƙotar hauya,
Mantau ya adana ruwanta a ƙarƙashin rumbu.

Duk wata uku yakan saka lambar girma a riga,
ya je ofis, ya bi layi da sauran tsofaffi,
akawu ya leƙo ya ce takarda ba ta iso ba.
Sai ya sayi goron tamma, ya dawo gona kafin azahar.

Abu ɗaya ne bai bar shi ba.
In hadari ya haɗo daga gabas, gari na murna,
tsawa ta fari kan kayar da shi rub da ciki tsakanin kunyoyi,
hannu biyu a ƙeya.
Mu yara mu yi dariya. Ya tashi, ya karkaɗe,
ya ce, "Ƙasa nake saurare, ko ta ƙoshi."
Sai da na girma na lura da gawon nan,
shi ma da ruwa ya sauka yake zubar da ganye.

Hular kwanon da ya zo da ita, mai lotsawa ta hagu,
ita ce mudunsa na iri:
cikinta bakwai, gonar fadama,
huɗu da rabi, ta jigawa.
Bana ma da ita na auna.
Ɗana ya sa yatsa a lotsawar, ya ce me ya yi wannan?
Na ce ban sani ba,
ɗauko ƙwarya, rana na yi.